Kafintan Gadon Sa'adatu

Idan aka ce in ba da labarin Yaya Zakari, sai in rasa ta inda zan kama, alhali ciki ɗaya muka fito. Ni ce Asabe, autar gidanmu, kuma duk dangi sun san ni da baki. Shi kuwa Allah ya yi shi shiru-shiru, irin shirun da za ka wuni da mutum ka tashi ba ka san ko daɗi yake ji ko haushinka ba.

Daga ƙauyenmu na wajen Rano ya shigo Kano yana saurayi, ya samu aikin buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati, daga baya aka mayar da shi ofishin ajiye fayil, a nan ya tsufa. Ya gina ɗan gidansa a Gyadi-Gyadi tun unguwar ba ta cika haka ba, ya auri Talatu, suka haifi 'ya'yansu. A duk zaman nan ban taɓa ganinsa riƙe da guduma ba. Ƙwan fitila in ya mutu sai an kira mai gyara. Da ya yi ritaya kuma sanyin ƙashi ya kama masa yatsu, murfin kwalba ma sai Talatu ta buɗe masa.

'Yarsa ta fari ita ce Sa'adatu. A garinmu ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yi masa wasa. Mutanen yanzu duk sun watsar da wannan, amma Yaya ya riƙe shi kamar farilla. Tun ranar suna bai taɓa kiran sunanta da bakinsa ba, sai dai «yarinyar nan», ko «'yar gidan Asabe», don ni na riƙe ta bayan yaye. Ranar da ta gama karatun jinya ta durƙusa a gabansa da takardarta, ya ce «to», ya ɗauki buta. Na sha yi masa tsiya a kan haka, ko a jikinsa.

Ashe abin yana cin sa, ni ce ban sani ba. Da aka sa ranar aurenta da wani yaro mai hankali, Sadiq, sai ya ga yarinya za ta bar gidan ba tare da ya taɓa yi mata abin da za ta nuna ta ce wannan hannun Baba ne ba. In kuma ta tare shi ke nan, don uba irinsa ba ya taka gidan 'yarsa, balle ta fari. Wannan duk daga baya na harhaɗa shi. A lokacin ni dai abin da na gani shi ne yayana ya fara wasu abubuwa da ban gane kansu ba.

Wata ranar Laraba Talatu ta kira ni a waya. «Asabe, ki zo, Malam ya sayo bindiga.»

Ko mayafi ban daidaita ba na tare adaidaita daga Tarauni. Na iske shi a kan tabarma da wani jan akwatin roba a buɗe, yana juya wani abu a hannu. Wallahi siffar bindiga gare shi, har da kunamar da ake ja, sai dai a gindinsa akwai wani dunƙulen batir.

«Yaya, mene ne wannan?»

«Injin ɗaure sukuru ne. Da caji yake aiki, ba ya buƙatar waya.»

«Ka ɗaure sukurun me?»

«Ai ba a rasa ba,» in ji shi.

Ƙofar kicin ɗinsu ta yi shekaru tana reto, sai an ɗaga ta ake rufewa. A kanta ya fara gwaji muna tsaye muna kallo. Sukurun ya fara shiga sumul, har na buɗe baki zan yaba, sai injin ya kece da wata ƙara, ta-ta-ta-ta, kamar ana dukan kwano da cokali. Talatu ta yi salati ta faɗa ɗaki. Yaya ya saki abin a ƙasa, ya tsaya yana kallonsa.

«Ya lalace,» ya ce. «Dama mai arahar na ɗauka.»

Raina ya ɓaci. Na ce tashi mu je, don na san in shi kaɗai ya koma, haƙuri zai ba mai shagon ya dawo. Shagon yana kusa da kasuwar Tarauni, na wani Ebube, Inyamuri haifaffen Kano, Hausa a bakinsa kamar ta 'yan cikin gari. Tun daga bakin ƙofa na fara. Na ce an ga tsoho an liƙa masa ruɓaɓɓen kaya, ba a jin tsoron Allah. Ebube ya bar ni na gama tas, sannan ya jawo wani katako mai kauri, ya dasa dogon sukuru, ya ja kunamar. Ta-ta-ta-ta, sukurun ya nutse har kai.

«Kin ji, Hajiya? Lafiyarsa ke nan. In katako ya yi tauri, akwai 'yar guduma a ciki da take dukan sukurun tana juya shi. Shi ya sa ba ya murɗe wa mutum hannu. Baba ya ce mini yatsunsa ba ƙarfi, shi ya sa na zaɓa masa wannan.»

Na karɓa na leƙa ta gaba, na leƙa ta baya. «Ni ban ga guduma ba.»

«Tana ciki, Hajiya.» Ya juya wajen Yaya. «Baba, akwai masu tsada, na kafintocin da ke aiki daga safe har yamma. Naka batir ɗaya gare shi, ba ya daɗewa sosai, in ya yi zafi a bar shi ya huta. Amma aikin gida dai ya ishe ka har ya yi yawa.»

Muka dawo da abinmu. Har yau ban gane yadda inji zai riƙa tari a ce lafiyarsa ke nan ba, amma na yi shiru don na riga na ji kunya.

Daga ranar gidan bai sake samun sukuni ba. Ya gyara ƙofar kicin. Ya kafa wa Talatu kantar ajiye tukwane. Ya ɗaure bencin ƙofar masallaci da ya yi shekaru yana kayar da tsofaffi, ya tsallaka maƙwabta ya gyara musu akurkin kaji ba su roƙe shi ba. Ba duka ne suka yi kyau ba. Kujerar tsugunno ta Talatu, wadda ta zo da ita tun aurenta, ya danna mata sukuru har ƙafar ta tsage biyu, ta wuni ba ta yi masa magana ba. Kawunan sukuru kuwa ya cinye su ba adadi kafin ya koyi cewa a hankali ake jan kunamar, kuma katako mai tauri sai an fara huda masa ɗan rami. In ba wuta, sai ka ga dattijo da furfurarsa a layin masu cajin waya, riƙe da batir kamar wanda ya kawo jariri awo. Amma abu ɗaya na lura: mutumin da ba ya iya buɗe kwalba, ga shi yana nutsa ƙarfe cikin katako da yatsa ɗaya. Wani lokaci sai in kama shi yana duba hannun nasa kamar na aro.

Muna cikin haka aka zauna maganar kayan ɗaki, ni da Talatu da sauran mata. Sai ga shi a bakin ƙofa, bai shigo ba, bai kalli kowa ba.

«Ku sayi komai. Gado ku bar mini.»

Muka ce to madalla, muna zaton wani shagon kayan ɗaki zai je ya zaɓo. Bayan 'yan kwanaki sai ga katakai daga 'Yan Katako na Na'ibawa, an yanka an goge, aka shigar da su shagon da ke jikin zaure, ya sa kwaɗo. Kullum da hantsi sai ya shige ya turo ƙofa, sai dai ka ji ta-ta-ta, shiru, ta-ta-ta, har batir ya ƙare. Talatu ta ce ita ta ɗauka wata kantar yake yi. Ni kuma duk zuwan da na yi sai na tambaya.

«Yaya, ina gadon? Biki fa ya matso.»

«Yana nan tafe.»

«Daga ina yake tafe? Daga Legas?»

Sai ya ɗauki buta.

Satin biki na ce yau ko ni ko shi. Na tsaya a ƙofar shagon na ce ba zan gusa ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya buɗe kwaɗon. Ga gado a tsakiyar shago, na katakon maɗaci, an shafe shi da banish yana ƙyalli. Ba soso a fuskarsa, ba madubi, ba 'yan fitilun nan da ake yayi. Kuma gajere ne, ya yi ƙasa.

Kaina ya kulle. «Kai ka yi wannan?»

«Yanka da guga a can aka yi. Haɗawa ce tawa.»

«Yaya, gadon amarya fa! Mutane za su shigo ganin ɗaki. So kake a ce mun kasa saya mata na zamani?»

Na hau na zauna da ƙarfi don in nuna masa zai karye. Ni ba ƙarama ba ce, kowa ya sani. Na tashi na sake faɗawa, na girgiza. Ko motsi bai yi ba, kamar a kan dakali na zauna. Haushi ya ƙara kama ni don na rasa abin kushewa.

«Kada a gaya wa yarinyar nan,» ya ce. «A ce sayowa aka yi.»

To ka ji fa. Ka yi watanni a kulle kana fama da yatsu masu ciwo, sannan ka ce kada a faɗa? To don me aka yi? Na tambaye shi hakan, ya sunkuya ya fara warware gadon don a loda a mota.

Ranar jere ni ce a gaba, tunda ni ce gwaggo. Gidan a Daurawa yake, sabo, ciki da falo. Jere kuwa sha'anin mata ne, namiji ba ya shiga sai kafinta, shi ma yana gamawa yake fita. Kafintan shagon da muka sayi sauran kaya ya kafa wadirof, ya kafa madubi, sannan ya zo kan tarin katakan Yaya. Ya ɗaga wannan ya ajiye, ya juya wancan, ya buɗe ledar sukuru ya leƙa.

«Hajiya, wannan ba irin namu ba ne. Namu ƙarfe ne ake maƙalawa, a gama nan take. Wannan wanda ya haɗa shi ne kaɗai ya san kansa da gindinsa. Ni ina da wani kafin kaya a Ƙauyen Alu.» Ya ɗauki jakarsa ya yi gaba.

Na shiga uku. Ga katifa jingine da bango, ga labule an rataye, ga kwanuka an jere, ba gado, kuma gobe za a kawo amarya. Na fita tsakar gida na kira Yaya.

«Ka ga abin da ka jawo mana? Kafinta ya gudu. A ƙasa za ta kwana?»

«To,» ya ce, ya kashe.

To me? Na tsaya riƙe da waya kamar sakarya. Ba a daɗe ba sai na ji sallama a ƙofar gida. Wani dattijo ne cikin koɗaɗɗiyar jamfa, da hular sanyi har kunne ana wannan zafin, ya rufe hanci da takunkumi, riƙe da jan akwatin roba.

«An ce ana neman kafinta.»

Matan danginmu suka dubi juna. Wa zai kasa gane tafiyar Yaya Zakari? Wasu suka toshe baki da mayafi, wasu suka shige kicin. Na ja shi gefe.

«Yaya, ka yi hankali kuwa? Uban amarya a ɗakin 'yarsa ranar jere! In dangin ango suka gane, da wane ido za mu kalle su?»

«Uban amarya yana gida,» ya ce a hankali. «Kafinta aka kira.»

Kafin in samu amsa sai ga Hajiya Tasalla, gwaggon ango, ta shigo da kulolin abincin 'yan jere. Mace ce mai jiki da murya, irin waɗanda ke shiga gida su karɓe shi. Ba ta taɓa ganin Yaya ba.

«Kai ne kafintan? Sai yanzu? Tsoho da kai ba ka san alkawari ba?»

«A yi haƙuri, Hajiya.»

«Haƙuri ne zai kafa gadon? Wuce ka yi abin da ya kawo ka.»

Yayana, wanda samarin Gyadi-Gyadi ke durƙusawa su gaishe shi, ya ce «to, Hajiya», ya cire takalmi ya shiga. Ni kuwa ji na yi kamar in haɗiye harshena, don in na tanka mata asiri ya tonu, in na yi shiru zuciyata za ta fashe. Na bi shi ɗakin, tunda ba macen da za ta iya tsayawa kusa da shi, ni ce mai riƙe masa katako.

A nan na ga aikin nasa da kyau. Kowane katako yana ɗauka ya san inda zai zauna. Ya dafa sukuru, ya ja kunama a hankali, ta-ta-ta, ya shafa da yatsa ya ji ya kwanta, ya matsa gaba. Hajiya Tasalla ta leƙo ta ce ba nan ba, a juya kan gadon gabas. Muka juya. Ta dawo ta ce ya tare taga, a mayar. Muka mayar. Saura fuskar gadon da gefe ɗaya, sai injin ya yi wani kuka mai rauni ya tsaya. Batir ya ƙare, kuma ba wuta a unguwar.

Ya ciro sukundireba na hannu daga aljihu, ya dasa, ya murɗa. Bai motsa ba. Ya haɗa hannu biyu, na ga yatsun suna karkarwa, gumi na bin gefen hular. Ya sake gwadawa, abin ya suɓuce ya faɗi. Ban taɓa jin tausayinsa irin na lokacin ba, kuma ban daina jin haushinsa ba. Na fizge batirin na ba wata 'yar uwarmu ta kai wurin masu caji a bakin titi.

Sai zaman jira. Ya koma bakin ƙofar ɗakin ya rakuɓe. Hajiya Tasalla ta turo masa farantin shinkafa da ƙafarta, ta jawo kujera, da alama hira take ji.

«Wai wa ya zaɓi wannan gadon? Irin na mutanen da.»

«Mahaifinta ne.»

«Ai na ji labarinsa. An ce mutum ne mai ɗaurarriyar fuska, ko kallon yarinyar ba ya yi.»

«Haka ake faɗa.»

«To me ya sa ya yi ƙasa haka? Katakon ne bai isa ba?»

Yaya ya dubi gadon. «Cewa ya yi ba ta da tsawo, kuma a tsaye take wuni a asibiti. In ta dawo ta zauna, ƙafarta ta samu ƙasa. Ya ce kuma a kashe kaifin kusurwoyin, don tana tashi da asuba ba ta kunna fitila, tun tana ƙarama take buge gwiwa.»

Hajiya Tasalla ta kwashe da dariya. «Tabɗi! Kai ai ka fi uban sanin amaryar. Ka ma san sunanta kuwa?»

Duk matan danginmu da ke falon suka daina abin da suke yi.

«Sa'adatu,» ya ce.

Ya yi shiru kamar yana sauraron abin da ya fito daga bakinsa. Sai ya sake faɗa, a hankali, ba wanda ya tambaye shi. «Sa'adatu sunanta.»

Na tashi na shige kicin na yi kuka mai isata, ina yi ina tsaki, ban ma san da wa nake faɗa ba.

Da aka dawo da batir ya ƙarasa aikin. Hajiya Tasalla ta hau ta zauna, ta girgiza, ta ce kai ba laifi, tsohon ya iya, a ba ta lambarsa tana da 'yan mata a gaba. Ya ce ya daina karɓar aiki. Ya rufe akwatinsa ya fita. Washegari da aka kawo amarya gabansa don nasiha, bango ya kalla, ya ce a ji tsoron Allah a yi haƙuri, shi ke nan. Na dube shi na dubi bangon, na ce a raina wannan mutum sai Allah.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ba a yi wata guda ba Sa'adatu ta kira ni.

«Gwaggo, gadon nan yana motsi. Ko za a turo mini kafintan da ya kafa shi?»

Ni dai ban gaya mata komai ba, kuma na gargaɗi matan. Na je na sanar da Yaya. Hankalinsa ya tashi sosai, ya ce ta wane gefe, ya ce ai ya bi sukurun ɗaya bayan ɗaya. Ya sa jamfar nan da hula da takunkumi, na raka shi don kada a ga namiji shi kaɗai. Sadiq yana ganinmu daga nesa ya tuna yana da saƙo a kasuwa, ya hau babur ya ɓace. Sa'adatu ta durƙusa har ƙasa ta ce, «Sannu da zuwa, Malam kafinta.» Ya ce, «Yauwa, amarya.» Sukuru biyu ne suka saki a gefen ƙafa. Ya ɗaure, muka dawo.

Wata na zagayowa ta sake kira. Yanzu kuma ta gefen kai. Wata na gaba ma haka. Ni abin ya ɗaure mini kai, don gadon nan na zauna a kansa da dukkan nauyina bai ce uffan ba, ta yaya yarinya kamar tsinke za ta riƙa sassauta shi? Na fara zargin injin. Har shagon Ebube na koma na ce kayansa ba ya ɗaurewa. Ya ce, «Hajiya, abin da wannan injin ya ɗaure a maɗaci ba ya kwancewa da kansa, sai dai in kwance shi aka yi.» Na ce wa zai kwance gadonsa da hannunsa, mahaukaci ne? Ya ce shi dai in Baba yana so akwai babba mai batir biyu.

A zuwa na gaba na sa ido. Yaya yana ɗaki, ni na shiga kicin neman ashana, na jawo aljihun kanta. Ga sabon sukundireba mai jan mariƙi a kwance cikin cokula. Na ɗauko shi, na juya, sai ga Sa'adatu a bayana da tiren shayi.

«Ke! Mene ne wannan?»

Ta sunkuyar da kai. «Da ƙyar sukurun suke kwantuwa, Gwaggo. Sai Sadiq ya taya ni.»

«Ke kike kwance gadon? Kina sa tsoho yana hawa adaidaita da ciwon hannu? Me ya same ki?»

Ta ɗago, idonta ya cika. «Ranar da na fara zama a kansa ƙafata ta taɓa ƙasa, na san wanda ya yi shi. Gwaggo, Baba ba zai taɓa zuwa gidana ba. Kafinta kuwa yana zuwa.»

Ta wuce da tiren, na bi ta na tsaya a bakin ƙofa. Yana zaune a ƙasa kusa da gadon, injin a cinyarsa, aikin da ba ya wuce shan ruwa ya gama shi tuni. Ta ajiye masa shayi ba madara, da citta, yadda yake sha a gida. Ya sauke takunkumin zuwa haɓa ya kurɓa.

«Malam kafinta, ya hannun?»

«Da sauƙi. Ya aikin asibitin? Ba a matsa miki da kwana ba?»

«Ana yi dai. Wannan satin na safe nake.»

«To madalla. Ki riƙa cin abinci kafin ki fita, Sa'adatu.»

Haka suka yi ta yi har aka kira la'asar, ita a bakin gado, shi a ƙasa, ba mai kallon wani.

A hanyar komawa muna cikin adaidaita, ya rungume jan akwatin a ƙirji. Na daɗe ina juya maganar, na rasa ko ya sani ko bai sani ba. Na ce bari in taɓa shi in ji.

«Yaya, Ebube ya ce akwai babban inji mai batir biyu, irin na kafintoci. Ni zan saya maka, ka ɗaure gadon nan sau ɗaya ka huta da zirga-zirga.»

«A'a. Wannan ya ishe ni.»

«Amma ka ga ba ya ɗaurewa.»

Ya juya yana kallon titi. «Mai araha ne, Asabe. Haka suke. Sai an riƙa komawa.»

Da muka shigo Gyadi-Gyadi ya taɓa kafaɗar direban, ya ce a sauke shi a wurin masu caji.